Kafin Ki Tafi Gidan Madam Luciya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa ga 'yarta. Ina roƙon Allah Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya sauke ki lafiya a inda za ki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kau da idon mugu daga kanki.

Gida ɗaya muke kwana a nan unguwar Sa'alaba ta Jidda, amma na zaɓi in rubuta miki, domin duk lokacin da na buɗe baki a kan tafiyar nan sai ki ce, "Halas ya Inna, an gama magana," ki tashi ki shige ɗaki. Na san karatun Hausa yana ba ki wahala tun da a nan aka haife ki, Larabci ne a bakinki. Ki bi a hankali. Abin da ke cikina ba zai fito daidai da Larabci ba.

Ba zan hana ki tafiya Italiya ba. Na ga zaman da kika yi tun da asibitin da kike taimaka wa masu jinya a Aziziyya ya sallame ku ya ɗauki 'yan ƙasa. Na ga yadda kika rame bayan rasuwar mijinki, baban 'yarki Hanan, ga kuɗin sabunta iƙama, takardar izinin zama, kullum yana ƙaruwa. Mace mai hannu da lafiya ba za ta zauna tana kallon bango ba. Sai dai hankalina bai kwanta da kiran da Madam Luciya ta yi miki ba, kuma lokaci ya yi da za ki san dalili.

Ke kin san Luciya a matsayin Baturiyar da take aiko miki da cakulan da takalma idan sallah ta zo. Ni ta ƙofar kicin na san ta. Shekaru na yi ina dafa musu abinci, ina wanki, ina renon ɗansu Marko, lokacin da mijinta Franko yake injiniya a wani kamfani da ke aiki a tashar jiragen ruwa. Ba muguwa ba ce, kada ki ɗauka haka nake nufi. Tana da fara'a, tana da saurin kuka, kuma in ta ce tana son mutum, a lokacin da take faɗa da gaske take.

Akwai shekarar da kamfanin ya fara jinkirin biyan mijinta. Ta same ni ina yanka albasa, ta dafa kafaɗata. Ba ta iya furta sunana daidai, Abiba take cewa.

"Abiba, ba a biya Franko ba. Wannan watan ki yi mana haƙuri. Ai ke 'yar gida ce."

Wallahi daɗi na ji. Na dawo gida ina gaya wa babanki cewa Madam ta ce ni 'yar gida ce. Ya dube ni ya ce, "To 'yar gida, mai gidan haya fa me za mu ce masa?" Na yi fushi da shi a ranar.

Wata ya bi wata. Wani lokaci a ba ni rabi, wani lokaci a haɗa mini tsofaffin riguna a leda. Amma ban taɓa ganin sun fasa tafiya hutu ƙasarsu ba, ban ga an rage naman da ake saye ba. Wurina kaɗai aka ga inda za a rage. Ranar da za su koma gaba ɗaya ta rungume ni tana sharɓar kuka, ta ba ni ƙaramar tukunyar dafa kofi, ta ce sauran haƙƙina za ta aiko da zarar sun sauka. Na ce, "Ba komai, Madam." Ba ta aiko ba. Cakulan ɗin da kika ci kina murna shi ne abin da ya riƙa zuwa.

Laifinta daban, nawa daban. Nawa shi ne wannan "ba komai" ɗin, da kuma ɓoye miki da na yi don kada in rage miki daɗin kyautarta. Saboda haka ki ji ni da kyau. Ranar da aka ce miki ke 'yar gida ce, ki yi murmushi ki ce kin gode, sannan ki tambayi ranar biya. Kada ki bari wata ɗaya ya shige cikin wani. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, ni kuwa nawa shirun har yau ina jin ɗacinsa.

Da kika ce mini ta kira tana son ki je ki kula da mahaifiyarta tsohuwa, na bari sai da kika fita na karɓi lambar a wayarki na kira ta da kaina. Kada ki ji haushi. Mun gaisa da guntun Larabcin da ya rage mata, ta yi ta kuka tana cewa ta yi kewata. Na bari ta gama, sannan na ce:

"Madam, a labarai ina ganin 'yan matan ƙasarku suna zanga-zanga sun rasa aiki. Me ya sa sai Ummi?"

Ta ce, "Saboda na yarda da ku. Mama tana tsoron baƙi."

"Wa zai biya ta?"

"Daga fanshon Mama."

"Su wa ke zaune a gidan?"

Ta ce ita da Franko sun bar nasu gidan sun dawo wurin tsohuwar. Franko ya buɗe ɗan kamfani, ya yi wa hukumar garinsu aikin gyaran hanyar ruwa, har yau ba a biya shi ba, banki kuma ya ƙi ƙara masa rance. Marko, wanda na goya a bayana, ya gama jami'a, ya haura talatin, yana nan a ɗakin da ya kwana yana yaro, ba aiki. Matarsa ma tana nan.

Na ce, "To, duk ku a kan fanshon tsohuwa kuke?"

"Na ɗan lokaci ne, Abiba."

"In Allah Ya ɗauki ranta fa?"

Ta ce, "Kada ki faɗi haka!" Ta sauya magana, ta koma tambayar ko har yanzu ina yin wainar da Marko yake so.

Ummi, ki duba wannan da idon basira. Gida ne da mutum huɗu majiya ƙarfi suke ci daga kuɗin tsohuwa ɗaya da ba ta iya tashi. Ke za a ɗauko daga Jidda ki riƙa juya ta, kina yi mata wanka, kina ba ta magani, domin numfashinta shi ne abincinsu. Mutum huɗu suna zaune ba aikin yi, amma ba wanda zai iya wanke ta? Kuma daga kuɗin da bai ishe su ba za a cire naki. In wata ya yi tsanani, wa kike jin za a fara cewa ya yi haƙuri? Zargina shi ne ba don yarda kaɗai ta tuna da mu ba. Ta tuna da ni ne saboda ni ce matar da ta ce ba komai, tana fatan 'yata ta gado ni. Allah Ya sa zargina ya zama ƙarya.

Ban tsaya a nan ba. Kin san Malam Idi, mutumin garin Tawa da yake sayar da turare kusa da masallacin unguwa. Ya yi shekaru a Italiya yana aiki a masana'antar jimar fata kafin a rufe ta. Na je na same shi na ce ya gaya mini gaskiya tsakaninsa da Allah.

Ya ce, "Hajiya, can ba a cewa kafili, mai tsaya wa baƙo a kan takardar zama, amma akwai shi. Takardar zamanki a ɗaure take da takardar aikinki. Ranar da aiki ya ƙare, an ba ki ɗan lokaci ki nemi wani. In ba ki samu ba, kin zama marar takarda, ko shekara nawa kika yi kina biyan haraji."

Na ce, "In tsohuwar da ake jinya ta mutu fa?"

Ya ce, "Aiki ya mutu tare da ita. Da ɗakin kwana ma."

Ya kuma gaya mini cewa da yawa suna rubuta sa'o'i kaɗan a takarda don su rage abin da za su biya hukuma, alhali mai aikin tana tsaye dare da rana. Amma ya ce akwai ofisoshin ƙungiyar ƙwadago da suke duba wa baƙi takardunsu, kuma doka ta ba mai aikin gida ranar hutu.

A nan ma na taɓa yin wauta. Farkon samun iƙamata, kafilina ya ce in kawo fasfo ya ajiye mini don kada ya ɓace. Na miƙa masa da hannu biyu har ina godiya. Da aka aiko cewa mahaifiyata tana kwance a Maraɗi tana kiran sunana, mutumin ya yi tafiya, ba wanda ya san inda ya ajiye shi. Kafin ya dawo an yi sadakar bakwai. Don haka fasfonki ya kwana a jikinki. Ko Luciya ta ce akwai akwatin ƙarfe a gidan, ki ce kin gode. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki gane ba, ko da biro yana hannunki ana jiran ki. A makon farko ki nemi ofishin da Malam Idi ya faɗa, ki je ke kaɗai, ba tare da Marko ya raka ki yana fassara ba. Ki koyi harshensu da gaggawa, kamar yadda ake koyon hanyar fita daga gida.

Sai maganar kuɗinsu, Yuro. Kin ce mini, "Ya Inna, ko ƙasar tana cikin matsala, Yuro Yuro ne." Ni ma na taɓa cewa sefa sefa ce. Kina ƙarama na riƙa canja riyal ɗin da na tara zuwa sefa ina aika wa kawunki ya ajiye, da niyyar in ya taru mu gina gida a Maraɗi. Sai aka fara raɗe-raɗin za a karya darajar kuɗin. Babanki ya ce mu sayi siminti da kwano yanzu, ko mu mayar da shi zinariya. Na ƙi. Na ce na ji manya a rediyo suna rantsuwa ba za a taɓa ba, ashe shi ya fi su sani? Aka wayi gari an raba darajar kuɗin biyu. Guminmu na shekaru yana nan a adadi, amma abin da zai saya ya tafi. Ba ɓarawo ya shiga ba, ba gobara aka yi ba. Wasu mutane ne suka zauna a ɗaki mai sanyi suka sa hannu.

Tun daga ranar, in na ji babban mutum yana rantsuwa cewa kuɗi lafiya lau suke, sai gabana ya faɗi. Yanzu kullum ina zaune gaban talabijin ina kallon nasu. Na ga Girka tana cin wuta, tsofaffi suna layi a bakin banki. Na ji an ce bashin da ke kan Italiya ya fi ƙarfin a ceto ta yadda ake ƙoƙarin ceto ƙananan. Shugaban gwamnatin da Luciya take yabo tun tana nan ya sauka, aka ɗora wani da ba wanda ya jefa masa ƙuri'a, aka ce masu ba da bashi ne suka fi natsuwa da shi. Ya zo da harajin gida, ya ƙara shekarun da mutum zai yi kafin ya ci fansho. A waya Luciya ta zagi na da, ta zagi na yanzu, ta zagi Jamusawa, ta zagi mutanen kudancin ƙasarsu. Kowa ya ci kuɗin, ban da wanda take magana da shi.

Ni ban yi karatun da zan gane wa ke da gaskiya ba. Abin da na gane shi ne, wanda ya ci bashin daban, wanda ake cire wa daga abinci daban. Kuma sefarmu a ɗaure take da Yuron nan, har a nan unguwa ana ta cewa za a sake karya ta. Saboda haka kada ki tara abin da kika samu wuri ɗaya, kada ki bar shi duka a banki, kada ki bar shi a hannun Luciya ta ajiye miki. Ki riƙa aiko da wani abu ina saya miki 'yar zinariya kaɗan-kaɗan. In suna gardamar siyasa a teburin cin abinci aka ce, "Ke me kika gani?" ki ce ba ki gane ba tukuna. Duk ɓangaren da kika bi, akwai wanda zai riƙe ki a zuci, kuma su gobe za su shirya, 'yan uwan juna ne.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi a wurina. Idan ƙasa ta ƙuntata, ido kan baƙo yake komawa. Malam Idi ya ce a arewacin ƙasar, inda za ki, akwai 'yan siyasar da abincinsu ke nan: su nuna baƙar fata da mai ɗankwali su ce ga wanda ya cinye muku aiki. Za ki shiga mota a ƙi zama kusa da ke. Za a kuma sami masu ce miki, "Ke ba kamar sauran ba ce, ke da takarda kika zo, ba kamar masu tsallako teku a kwale-kwale ba." Ki yi hattara da wannan yabon, na taɓa haɗiye shi.

Wata shekara da aka tsananta kamen marasa iƙama, akwai maƙwabciyarmu Atine, mutuniyar Cadi, mai sayar da gyaɗa. Da rana tsaka motocin kame suka shigo layinmu. Ta ƙwanƙwasa ƙofata tana cewa, "Habiba, don Allah buɗe, ko bayan gida ne in shiga." Ina tsaye a bayan ƙofar, hannuna a kan sakata. Na ce a raina, ni da takardata, me zai sa in jawo wa kaina? Ai irin su ne suke ɓata mana suna. Ban buɗe ba. Na ji lokacin da aka tafi da ita. Gyaɗarta ta kwana a zube a bakin ƙofarmu, ni na share ta da safe. Bayan wannan ba da daɗewa ba aka sallami babanki daga aiki a tashar jiragen ruwa, da takardarsa da komai. Wanda ya sallame shi bai tambaya ko mu masu buɗe ƙofa ne ko masu rufewa ba.

Ban ce ki karya dokar ƙasar mutane ba. Na ce kada ki sayi zama lafiya da zagin wanda ya fi ki rauni, domin ba ya sayuwa. Haka kuma kada ki saki jiki da mutum don kawai ya yi miki Hausa ko ya yi miki sallama. Malam Idi ya ce masu kai mutane gonakin tumatir a kudu suna cinye rabin ladansu, da yawansu namu ne. Duk wanda ya ce zai gyara miki takarda da sauri in kin ba shi wani abu, ki rabu da shi.

Don kada in zalunci Luciya, zan faɗi wannan ma. Ranar da naƙudarki ta zo mini da gardama, a kicin ɗinta nake. Ita ta sa direba ya kai ni asibiti, ta zauna a gefena ta riƙe hannuna, ta yi ta faɗa da likitoci har suka duba ni. Mai yiwuwa ba don ita ba da babu ni babu ke. Mutum ɗaya ce ta yi wannan ta kuma yi wancan. Ki kula da mahaifiyarta tsakani da Allah, tsohuwa ba ta ci miki komai ba. Ki tausaya musu, gidan da ya saba da wadata in ya shiga rashi abin tausayi ne. Amma tausayi daban, albashi daban.

Ki kuma sani, da zarar an buga miki hatimin fita ta ƙarshe a fasfo a nan, Jidda ta rufe. Garin da aka haife ki ba zai karɓe ki ba sai da sabon kafili. In abin ya lalace can, kada ki ɓuya kina wahala don kunyar dawowa, kada ki riƙa aiko mini da hoto a gaban manyan gine-gine kina cewa lafiya lau. Ki faɗa mini gaskiya tun abin yana ƙarami. Ki nufi Maraɗi, ni kuma in tattara in ɗauko Hanan in same ki. Na daɗe a garin nan, amma ban haɗa shi da ke ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni sukuni tun jiya. Na ji kina gaya wa ƙawarki a waya cewa ranar tafiya za ki sa in fita da Hanan kasuwa, ke kuma ki wuce filin jirgi, don ba za ki iya ganin kukanta ba. Ba zan yi miki wannan ba.

Lokacin da zan taho ƙasar nan, yayanki na Maraɗi bai fi Hanan ba. Motar da za ta ɗauke mu ta iso yana barcin rana a kan tabarmar mahaifiyata. Aka ce in tashe shi, na ce a'a, zai yi kuka, ai ba daɗewa zan yi ba. Na ajiye masa alewa kusa da kansa na fita a hankali. Daga baya aka gaya mini ya daɗe yana ƙin yin barci da rana, yana cewa in ya rufe ido wani zai tafi. Sai da ya yi gemu na sake ganin sa. Yana girmama ni, yana aiko da gaisuwa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ke kina ce mini Inna. Shi har yau Hajiya yake ce mini.

Ki zaunar da 'yarki ki gaya mata inda za ki da abin da ya sa. Ki bar ta ta yi kukanta a jikinki, ke ma ki yi naki. Ta ga fitarki da idonta, ta ɗaga miki hannu. Sauran rarrashin nawa ne, na iya.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare miki addininki da mutuncinki da lafiyar jikinki. Allah Ya sanya albarka a guminki, Ya hana kowa cin sa. Ya ba tsohuwar da za ki jinya sauƙi, Ya sassauta wa mutanen ƙasar halin da suke ciki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini abin da na ɓoye miki. Na ba Allah ajiyarki, Shi ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Habiba
Sa'alaba, Jidda